Madubin Juyi

Ni ce 'yar fari a wurin uwata, kuma a Gashuwa ta zamaninmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iya ba ta taɓa kiran sunana ba, ko da wasa. In tana so in ɗebo ruwa sai ta ce, "A gaya wa yarinyar nan randa ta bushe," alhali ina tsaye a gabanta, ba kowa a tsakar gida sai ni da kaji. In na shigo ta ƙofa sai ta mai da ido kan aikinta. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar babana, ita ta goya ni, ita ta yi min kitso, ita ta zane ni in na yi laifi. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Matan unguwa har yaba wa Iya suke yi, wai ba a taɓa kama idonta a kan 'yarta ba. Su suna yabo, ni kuwa abin yana cina a rai, don tun ina ƙarama ba na iya haɗiye abu in yi shiru.

Iya masaƙiyar faifai ce, irin na adon nan da ake jerawa a bangon ɗakin amarya, ba na rufe ƙwarya ba. Da kanta take yanko kaba a bakin fadama, ta tsaga, ta shanya, ta rina. Janta na karan dafi ne, baƙinta na bagaruwa da laka. In ka kawo mata galurar kanti sai ta taɓe baki ta ce launin 'yan gayu ne, ruwa ɗaya zai gudu. A bayanta na koyi saƙa, ina leƙe ta kan kafaɗarta, don ba za ta zaunar da ni ta koya min ba. Ranar da na gama faifaina na farko na ajiye mata a bakin ƙofa, na laɓe. Ta ɗauka, ta shafa bayansa da yatsa, ta ce, "Mai wannan tana da gaggawa," ta ajiye. Ko kallo na biyu ba ta yi masa ba.

Aure ne ya kai ni Nguru, ba da daɗewa ba bayan sojoji sun dawo daga yaƙi. Maigidana ɗinkin buhu yake yi a shagon wani Kwara, Balaraben nan farar fata mai sayen gyaɗa. Maigidan nawa mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, Allah ya jiƙansa, ya yi haƙuri da ni. Nguru kuwa, kai! Ni da ban san ƙarar da ta fi ta jaki ba, sai ga jirgin ƙasa yana huci a ƙarshen layin dogo. Raƙuma su sauke kanwa, motoci su sauke gyaɗa, warin ƙiraga ya haɗu da na kifi banda, Barebari da Fulani da Yarabawa da Inyamurai kowa yana Hausarsa yadda ya ga dama. Na ci gaba da saƙata a ɗakinmu na haya, kuma ba yabon kai ba, faifaina ya samu shiga.

Wata mai kawo kifi daga unguwarmu ce ta zo min da labarin. Ta ce yanar ido ta rufe wa Iya idon hagu gaba ɗaya, ta kuma fara hawa na dama. Ta daina saƙa. In ba a rana mai ƙarfi ba, kuma abu yana kusa da ita, ba ta rarrabe ja da baƙi. Na ba matar ruwa, na raka ta, na dawo na zauna a bakin gado. Abin da ya fara zuwa min ba tausayinta ba ne, gaskiya ɗaya ce. Cewa na yi, wato matar nan za ta shiga duhu ba ta taɓa tsayawa ta ƙare wa wani abu nawa kallo ba? A wurin na sha alwashi: kafin idon nan ya rufe, sai na sa wani abu a hannunta wanda ba za ta iya kau da kai daga gare shi ba. Ko mene ne, a lokacin ban sani ba.

A gidan Kwaran na gan shi. Matarsa tana sayen faifaina tana aikawa ƙasarsu, sai in kai mata ta ƙofar baya. Ran nan ina tsugune a baranda ina jiran ta, sai ga 'yarta ƙarama ta fito da wani abu kamar guntun gora, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, an naɗe shi da takarda mai ado. Ta kafa shi a ido tana kallon sama tana juyawa. Da ta ga ina kallon ta sai ta miƙo min.

Na sa ido a 'yar hudar. Wallahi sai da na zame na zauna daɓas. A ciki akwai wani zane mai kusurwa-kusurwa, ja da kore da ruwan ƙwai da wani shuɗi da ban taɓa gani ba, duk suna ci kamar garwashi, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, ba kuskuren tsinke ɗaya. Na ɗan juya hannuna, sai na ji ƙaras, zanen ya rushe, wani ya tashi a wurinsa wanda ya fi shi. Na sake juyawa, wani ya sake fitowa. Faifai ne ake saƙawa ana warwarewa kafin ka ƙifta ido, kuma ba ɗaya da yake dawowa. Da na mai da bakinsa wajen rana sai hasken ya ƙaru har ya sa ni hawaye. Nan take na ce a raina: ko idon da ya fara mutuwa zai ga wannan.

Matar Kwara ta fito ta tarar da ni a haka. Da 'yar Hausarta ta ce, "Wasan yara ne, ba komai."

Na ce, "Uwargida, shi nake so."

Ta yi dariya, ta ce ba na sayarwa ba ne, daga ƙasarsu kakar yarinyar ta aiko. Ta ɗauko min turmin atamfa, na ce a'a. Ta ƙara da ɗankwali, na ce a'a. Na naɗe faya-fayaina na ɗora a ka, na ce daga yau ba ni da na sayarwa, sai dai na musaya. Da maigidana ya ji sai ya dafe kai ya ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Matar ubangidana za ki ja wa rai? So kike a kore ni?" Na ce ba ruwan buhu da faifai. Duk wadda ta aiko daga gidan sai in ce a gaishe ta da kyau, a kuma tuna mata da maganar gorar nan. Ta sayi na wasu, ta ga bambanci. Ita ma yarinyar ta gaji da abin, ta koma wasa da 'yar tsana. Ƙarshenta dai aka aiko min da shi a ƙunshe, ni kuma na tattara duk abin da na saƙa a wannan rani na aika mata. Faifai ɗaya tak na hana, wanda na saƙa da jar kabar da Iya ta rina ta sa min a kayan aure.

Ba mu da sunansa. Yaran gidan haya suka raɗa masa madubin juyi, shi ke nan ya bi shi. Sai bayan na tsufa wata jikata 'yar boko ta ce min wai sunansa kalaidoskof, kuma Turawa kan kira duk abin da ke da launi barkatai yana ta canzawa da wannan sunan, ko kasuwa ce, ko taron biki. Na ce to ai tashar Nguru ma shi ce, amma ni a bar min madubin juyina, wancan yana karya harshe.

Bazara ta riga ta yi nisa sa'ad da maigidana ya bar ni na tafi. Ya ce in dawo kafin ruwa ya sauka, don da zarar damina ta kama hanyar Gashuwa ta mutu, ba mota sai kaka. Na hau bayan wata babbar mota a kan buhunan gishiri. Muka wuni muna kafewa a rairayi, karen mota yana sauka yana shimfiɗa katako a ƙarƙashin taya, maza suna turi suna zagin direba. A Jajimaji muka sha fura. Ni dai hannuna yana kan ƙunshina, ko da na sauka sai da shi.

Rana ta faɗi muka shiga Gashuwa. Tun daga bakin zaure 'yan matan gida, 'ya'yan baffannina, suka yi min caa, suka sauke min kaya daga ka, suka yi ɗakin Goggo da su. Haka ake yi a gidanmu, haka ake yi a kowane gida da na sani. Tsaraba ba ta mai kawowa ba ce, ba ta kuma wanda aka yi niyya ba ce. Gaban babbar gida ake kai ta, ita za ta kwance, ita za ta raba. Ko ƙwayar dabino ɗaya ce sai Goggo ta sa wuƙa ta yanka ta yadda kowa zai lasa. Ta taɓa raba sabulu da zare har sai da kowane yanki ya zama kamar ɓawon albasa. Na san wannan sarai, shi ya sa na durƙusa na ce, "Goggo, akwai wata gora a ciki, ta Iya ce." Ta ce, "To, 'yar nan, za a gani." Ban damu ba. Ai gora ba ta rabuwa.

Na je ƙofar Iya na gaishe ta daga waje. Tana zaune a duhun ɗaki, hannuwanta a kan cinya, ba kaba ba basilla. Ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune ba. Ta ce, "An zo lafiya? A ba baƙuwa ruwa." Na so in ɗauko mata abin a lokacin, amma ba rana, shi kuwa ba ya aiki sai da haske. Na ce bari gobe da hantsi.

Da sassafe sai da na zaga gaisuwar mutuwa, don tun tafiyata an yi rashe-rashe a unguwa, kuma ba a shiga wata sabga kafin wannan. Ina ta sauri, ina duban rana. Da ta ɗaga sosai na dawo gida da ɗokina, zan fito da Iya tsakar gida.

Ina shiga na ga Goggo a kan tabarma, 'yan mata sun jeru a gabanta kowace ta tara hannu. Gishiri an raba, goro an raba, sabulu an raba. A gabanta kuma ga madubin juyi a tsage tun daga sama har ƙasa kamar an fede kifi. Ga wuƙa, ga ɗan dutsen niƙa da ta fasa gilashin bakinsa da shi. Goggo tana ɗaga gefen tabarma tana leƙawa, tana kakkaɓe zaninta.

Tana ganina ta ce, "Yauwa, zo nan! An cuce ki, 'yar nan. Kwaran nan ya cuce ki! Na leƙa da idona na ga duwatsun wuya cike fal, murjani da tsakiya da wasu ma ban san su ba, sun ishi 'yan matan gidan nan har da na maƙwabta. Na ce uwarki ta ɗauki kaso babba, sauran a ba yara su yi jigida. Na buɗe, dubi abin da ke ciki!"

Ta buɗe tafin hannunta. 'Yan ɓaraguzan kwalba ne masu launi, ba su cika cokali ba, da wani guntun zare, da rabin maɓalli. Sauran sun watse a ƙasa, har wata kaza tana tsattsagar ɗaya.

Ban san sa'ad da na ce, "Goggo, wa ya aike ki?" ba. Ba a taɓa yi wa Goggo irin wannan tambayar ba, kuma har ta koma ga Allah ban janye ta ba. Ni kuwa na durƙusa na tattara abin da ya saura a zanina, na zaga bayan rumbu, na cusa bakin zani a baki na yi kuka mai isata. Rani guda na aikina, da jan rai, da rairayin hanya, duk ga su a cinyata. Takaici ya ishe ni.

Da kukan ya ƙare sai na share ido na duba abin da kyau. Ashe ba wani sihiri a ciki. Kwali ne aka naɗe, a cikinsa akwai siraran madubai guda uku dogaye, an jingina su da juna suna kallon ciki, kamar yadda ake haɗa duwatsun murhu. Allah ya taimake ni wuƙar Goggo ba ta fasa su ba, ɗaya ne kawai ya ɗan ɓantare a baki. Abin da ya mutu shi ne ɗan ɗakin da ke ƙarshe, inda ɓaraguzan ke zaune tsakanin gilasai biyu. Na ce to, mutum ne ya haɗa shi, ba aljani ba. Ni ma mutum ce. Ba zan hau motar Nguru ba sai Iya ta leƙa abin nan.

Kwalin dai ya gama yawo, don haka na ɗebo kaba a ɗakin ajiyar Iya, na haɗa madubai ukun na ɗaure da zare, na shiga saƙa musu riga kamar yadda ake saƙa wa kwalbar turare. A gindin bangon ɗakinta na zauna, don nan ne inuwa. Ina cikin yi sai na ji muryarta daga ciki: "Mai saƙar nan tana jan kaba da ƙarfi. A gaya mata ta jiƙa ta tukuna." Da kunne ta gane. Na tashi na jiƙa.

Rigar ta zauna ɗas, har ta fi ta Turawan kyau. Bakin ne ya gagare ni. Ina zan samo gilashi zagayayye, siriri, guda biyu, a Gashuwa? Na je kasuwa wurin masu gyaran fitila, suka ba ni fasasshen ƙwan fitila. Na yi ta goga shi a dutse, yana kusa zama daidai sai ya tsage, ya yanke min yatsa. Na sake, ya sake. Na gwada gindin kwalba, ya yi kauri, ciki ya yi duhu kamar rijiya. Na gwada takarda da na shafa wa man gyaɗa, haske ya shiga amma ɓaraguzan suka manne mata suka ƙi juyawa. Wani mai haɗa kalangu ya ba ni tantani, na ɗaura, rana ta busar da shi ya yamutse.

Goggo fa tun ranar ba ta ce min uffan ba, sai dai ta wuce tana gyaran murya. Rannan ina zaune sai ta zo ta tsaya a kaina, ta jefo min wani ƙulli a cinya. Na kwance. Duwatsun wuyanta ne na aure, na gaske, ta tsinke zaren da hannunta. Ta ce, "In duwatsu yake ci, ga su nan, a ba shi." Ta juya ta tafi. Raina ya yi sanyi, amma ban nuna mata ba. Matsalar ba ta duwatsu ba ce, ta abin da zai riƙe su ce.

Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kullum da la'asar, iska tana kawo ƙanshin ƙasa. Direban ya aiko cewa bayan cin kasuwa zai yi tafiyarsa ta ƙarshe, wanda bai hau ba sai kaka. Ga Iya kuma, na lura ko da rana tsaka sai ta lalubi bakin ƙofa kafin ta fito. 'Yan matan gida suka fara ce min in haƙura mana, in saya mata zani. Na ce duk wadda ta sake ce min in haƙura sai na fasa mata baki.

Ana gobe motar za ta tashi, da safe, na zauna da gorar a hannu, bakinta a buɗe ba komai. Na ɗaga ta don in duba ko madubin da ya ɓantare ya goce. Goggo tana can gefe tana cin goro. Gorar ta faɗa daidai kanta. Sai ga Goggo ta cika ciki maƙil, bakuna ba iyaka duk suna tauna, wasu a miƙe wasu a kife, duk da giɓinsu. Na fashe da dariya har na ƙware. Ta ce, "Lafiyarki kuwa?" Na mai da gorar kan zakara, ya zama taron zakaru masu jan zanko sun yi da'ira. Na mai da ita kan tulin barkono da aka shanya. Ashe wahalar banza nake sha! Ba ɓaraguzan ba ne abin, madubin ne. Duk abin da ka sa a gabansa shi zai saƙa maka.

Na ruga ɗaki na ɗauko faifan nan da na hana matar Kwara. Na jingina shi a rana na leƙa. Jan Iya ya kama da wuta, baƙin ya ratsa shi, farin kabar yana walƙiya. Na juya faifan da hannu, zanen ya rushe ya sake tashi. Ya fi na kwalaben kyau nesa ba kusa ba.

Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida inda rana ta fi ƙarfi. Na je ƙofarta na ce, "Goggo ta ce a fito a sha hantsi." Ƙarya nake yi, amma Goggo ta ɗaga murya ta ce, "Ƙwarai, ni na ce." Iya ta fito tana lalube, ta zauna. Na sa mata gorar a hannu. Ta shafa rigar kabar tun daga sama har ƙasa, ta ce, "An jiƙa." Na nuna wa yatsanta hudar, na ce a sa a idon dama. Sannan na durƙusa a gabanta, kusa sosai, na riƙe faifan a ƙirjina da hannu biyu yadda rana za ta doke shi.

Ta kafa ido. Ina cewa a raina ko na makara. Can sai na ga leɓenta ya motsa.

Ta ce, "Wannan jan nawa ne."

Na ce, "Naki ne."

"A juya."

Na juya faifan a hankali. Ta ja numfashi. Ta ce a sake, na sake. Matar da ba ta taɓa yi wa aikina kallo biyu ba, ga ta ta kafe a kansa tana cewa a juya, a juya. 'Yan mata suka taru a bayanta. Na ce a raina alhamdu lillahi, alwashina ya cika, gobe sai in hau mota.

Ina cikin wannan sai na ga bakin gorar yana ɗagawa. A hankali yake tafiya, ya bar tsakiyar faifan, ya hau gefensa, ya wuce yatsuna, ya wuce wuyana. Ya zo daidai fuskata ya tsaya.

Na ɗauka hannunta ne ya gaji, na yunƙura zan ɗaga faifan in tare. Ta ce, "Kar ki motsa."

Ki. Ba "a gaya wa yarinyar nan" ba, ba "mai saƙar nan" ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi magana da ni kai tsaye ba sai ran nan. Na sandare a durƙushe, faifai a ƙirji, rana tana dukan fuskata. Ta cikin 'yar gorar ina hango ƙwayar idonta can ƙarshe, fari-fari, tana motsi. Ta ɗan juya gorar dama, ta dawo da ita hagu. Ta daɗe. Kowa a gidan ya ga inda bakin gorar yake, kuma kowa ya yi kamar bai gani ba. Ai ba wanda zai ce ta kalli 'yar fari. Abin wasan Turawa take leƙawa.

Hawaye ya zubo min, ban share ba, don an ce kar in motsa. Ta ce, "Kin rame. Ba kya cin abinci a Ngurun?"

Na ce, "Ina ci, Iya."

"Tsagen hagu ya fi na dama tsawo. Na faɗa wa wanzamin nan tun a lokacin."

Goggo ta matso tana goge hannu a zani, ta ce, "To, ya isa haka, miƙo kowa ya samu ya leƙa. Ga yara suna jira."

Iya ba ta cire ido ba. Ta ce, "Yaya, wannan ba a rabawa."

Sai Goggo ta juya kan 'yan matan ta daka musu tsawa, wai ba su da aikin yi ne, ta kora su wajen daka, ita ma ta bi su. Aka bar mu mu biyu a rana. Gwiwoyina suka mutu, gumi ya jiƙa min baya, inuwar rumbu ta janye ta koma gindinsa. Ban motsa ba sai da ita da kanta ta sauke hannu, ta cusa gorar a cikin zaninta.

Washegari na hau mota, ruwan farko ya same mu a hanya. Kafin a yanke gero aka aiko min cewa idon daman ma ya rufe.

Da na haifi ɗana na fari na zo wankan jego gida, aka kai mata shi ɗaki, aka sa mata a cinya. Ta bi fuskarsa da yatsa, goshi, hanci, haɓa, kamar yadda take shafa bayan faifai. Ta ce, "Hancin uwarsa ne, da goshinta." Goggo da ba ta barin ko ta kwana ta ce, "Ji mata! Yaushe kika san kamannin uwarsa, ke da ba kya kallon ta?"

Ina bakin ƙofa ina ji. Iya ta gyara wa yaron kwanciya, ta ce, "Na gan ta, Yaya. Na ƙare mata kallo."